Yanar Gizo a Idon Bindiga

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ba tatsuniya zan yi muku ba, ko da yake akwai gizo a ciki. Jikokina in suna son tsokanata sai su ce wa abokansu, "Kakarmu ta riga kowa shiga yanar gizo." A kwashe da dariya. To, gaskiya suka faɗa. Da yanar gizo na ci, da ita na sha, da ita na aurar da 'ya'ya. Sai dai tawa ba a cikin waya take ba. Tawa tana da uwa mai ƙafa takwas, wadda in ka ɓata mata rai ko kamu ɗaya ba za ta ba ka ba.

Duk wanda ya taɓa kafa ido a madubin masu awon ƙasa, ko a madubin nan da ake ɗaura wa bindiga a gadon baya don harbin nesa, ya san akwai layi biyu a ciki, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, sun haɗu a tsakiya. Ku kuna zaton zana su aka yi. A na zamani, i, zane ne a jikin gilashi. A na dā kuwa abu ne da ake shimfiɗawa da hannu, wani siririyar waya, wani zaren gizo-gizo. In ya tsinke, madubin ya zama tagar banza, kana ganin duniya amma ba ka san inda ka nufa ba. Sai an nemo mai mayarwa. Ni ce mai mayarwa. Wurin da layukan suka haɗu, mararraba nake ce masa. Wani ɗan acaɓa ya taɓa ji ina cewa sauri nake yi zan je gyaran mararraba, ya waiwayo ya ce, "Hajiya, wannan cunkoson ai sai Allah."

Aikin farko da na taɓa, madubin wani safiyo ne, mai awon ƙasa, a lokacin da Abuja take jar ƙasa da turaku da katafila. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, sunansa ba zan kama ba, Malam kowa yake ce masa. Bazazzagi ne mai gyaran agogo. Ya biyo masu awo zuwa nan, ya kafa shago kusa da tashar Jabi. Ya koyi shimfiɗa zare a Kaduna wajen wani tsoho da ya yi aiki a ma'aikatar gyaran kayan soja. Yana cikin cin moriyar abin sai rawar hannu ta kama shi. Ranar nan ya zo da madubin gida, ya zauna a tabarma, ya ɗora zare ya tsinke, ya sake ɗorawa ya tsinke, har gumi ya jiƙa masa hula. Ni ina gefe ina kaɗi. Sai na ga ya daina kallon aikinsa, yana kallon yatsuna.

Ya ce, "Ke, ajiye mazarin nan. Zo nan. Kin iya riƙe numfashi?"

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Har in ce ki saki."

Haka aka fara. Ban ga zaren ba ma a ranar. Na yi ta ƙifta ido ina cewa babu komai a jikin wayar, shi yana cewa juya ta wajen haske. Da na juya sai ga wani abu ya ƙyalla ya ɓace. Ya ce shi ke nan, kin gan shi, sauran ki saba da shi.

Kayan aikin ba su cika hannu biyu ba. Akwai waya da ake lanƙwasawa ta yi reshe biyu kamar gwafa, a jikinta ake naɗe zaren. Akwai hantsaki mai bakin allura. Akwai madubin masu agogo da ake maƙalewa a ido. Akwai fanish, man nan mai danƙo da ake shafa wa katako, a 'yar kwalba, da tsinke na ɗiga shi, da kakin zuma da ake mulmulawa kamar ƙwayar gero a rataya a bakin zaren, dama da hagu, don ya miƙe. Sai gwangwanin biskit da ake jera wayoyin a ciki a rufe. Wanda ya buɗe gwangwanin zai rantse wayoyi ne tsirara. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ku da kuke cewa ai gizo-gizo ya cika kowane lungu, ku je ku kwaso na bayan ƙyaure ku gani. Wannan ba ya aiki. Uwar da ake so ita ce babbar nan ta lambu, mai ratsin rawaya da baƙi a ciki, mai shimfiɗa saƙarta tsakanin reshe da reshe. Kuma ba saƙar ake ɗiba ba. Zaren da take kama ƙuda da shi danƙo gare shi, ƙura yake sha. Wanda ake so shi ne wanda take saukowa da shi in ta tsorata. Sai a ɗora ta a kan tsinke, a ɗan girgiza, ta saki jiki ta yi ƙasa, kai kuma kana juya wayarka a hankali kana naɗewa, tana sauka kana naɗewa. In ka yi sauri ta tsinke shi. In ka yi nawa ta hau ta dawo. In ta gaji sai a mayar da ita reshenta a kama mata ƙuda, don gobe ma ana bukatarta.

A cikin madubin akwai wani ɗan zobe na tagulla, da tsaga a gefensa wadda ido ba ya gani sai da madubin agogo. A cikin tsagar nan zaren zai kwanta. Amma kafin a ɗiga fanish sai an ba shi tururi, ko na buta ko na baki, ya sha danshi ya miƙe iyakar miƙewarsa. Wanda ya manne shi a bushe zai ga aikinsa ya yi kyau da rani. Damina na sauka layin zai yi tumbi, safiyo ya auna titi ya karkace, a dawo ana zage-zage a ƙofar shago. Fanka ba ta juyawa a ɗakin. Ba a tari. In yaro ya yi kuka a tsakar gida, sai dai ya yi.

Madubin bindiga na farko wani dattijo ne ya kawo, daga wani gidan ajiye kayan tarihi. Daga nan suka riƙa zuwa jefi-jefi: tsofaffin hafsoshi, maharba masu lasisi, da masu kuɗin da ke tara tsofaffin kaya don marmari. Bindiga dai ba ta taɓa shiga ɗakina ba. Idonta kawai ake ciro min, kuma Malam ya kafa sharaɗi tun farko, na tarihi muke taɓawa, waɗanda suka gama aikinsu tun kafin a haife mu. Wani saurayi ya taɓa zuwa da sabo fil a cikin leda, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na ce masa uwar gizona ba ta da lafiya. Ya ce yaushe za ta warke? Na ce ciwon nata mai daɗewa ne.

Na ga iri-iri. Na Rasha gajere ne, baƙi, da sanduna uku masu kauri a ciki, ba ruwansa da ado. Na Jamus dogo ne, gilashinsa garau kamar ruwan randa da ya kwana. Na Ingila kuwa nauyi gare shi kamar taɓarya, yana zuwa a cikin akwatin ƙarfe kore, da murfin fata a baki da baya. Malam ya nuna min lamba a jikinsa, ya ce irin wannan lambar aka buga a katakon bindigar da aka haɗa su, kowane ido da bindigarsa, kamar ɗaurin aure, in an raba su sai an sha wahala kafin wani ya zauna a wurin wani. Yawancinsu funfuna ta yi reshe a cikin gilashin saboda damunan da suka sha. In na buɗe su wani wari yake tasowa, na tsohon maiko da rufaffen ɗaki. Nakan yi bisimilla kafin in taɓa, don ban san ƙirjin ɗan wa wannan mararrabar ta taɓa sauka a kai ba, kuma shi ma uwa ce ta haife shi.

Muguwar shekara ta zo mana da kai biyu. An shafa wa layin shagunanmu jan fenti, aka zo aka rushe. A daidai lokacin kuma safiyo suka koma sababbin na'urori masu zane a gilashi, daga baya ma suka koma waɗanda ke magana da sama. Wanda ya saba aiko mana madubi duk wata sai ka gan shi a tasha ya ɗaga hannu daga nesa. Muka kwashe muka koma Jikwoyi. Mutane suna ɗaukar katifa da tukwane, ni ina rungume da kwando an rufe da mayafi, uwaye ne a ciki. Malam bai daɗe ba a sabon wurin, Allah ya karɓi abinsa. Na koma kaɗi da ƙuli-ƙuli, amma ban saki aikin ba. Na ware ɗakin baya mai fasasshiyar taga, na dasa lalle da zogale a jikin tagar, uwayen suna shiga suna fita. Ba a share ɗakin, ba a kunna maganin sauro kusa da shi. 'Ya'yana sun taso sun san haka kamar yadda suka san alƙibla.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji.

Damina tana ɗaukewa wani tsoho ya sauka daga acaɓa a ƙofar gida, yana dogara sanda, da akwatin ƙarfe kore a hammata. Ya ce sunansa Bitrus, saje ne kafin ya yi ritaya, mutumin kan dutse ne daga wajen Filato, ya daɗe yana gadi a Karu. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bai zauna daidai ba sai da ya lalubi bango.

Ya ce, "Mama, an ce ke ne mai gyara gicciye."

Na ce, "Mararraba dai."

Ya ce, "To, naki mararraba, nawa gicciye. Ya karye hannu."

Na buɗe. Na Ingila ne. Sandar tsaye tana nan, ta ƙarfe ce mai tsini. Layin kwance ne ya tsinke, ya nannaɗe a gefe. Na ce ina bindigar? Ya yi dariya har da tari.

"Bindiga ya koma wurin masu shi tun ba a haife ni ba. Babana ne ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku, lokacin yaƙin duniya. Wannan ya fashe a gefe, oga nasu ya ce ya riƙe. Ni ba na so in harbi kowa, Mama. Da shi muke neman awaki."

Ya ce akwai wani dutse a bayan gidansu. Da yamma in awaki ba su dawo ba, uban yakan ɗora shi a cinya, ya kafa masa madubin a ido, ya ce ya kwantar da layin a kan dutsen, ya bi ƙarƙashinsa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Har uban ya mutu bai taɓa faɗa masa a kan wa ya ɗora layin nan a can ba. Awaki kawai.

Sai ya buɗe min idonsa da yatsa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuwa yanar ido ta fara rufe shi, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya ce likita ya gaya masa ko an cire yanar, jijiyar ta gaji. 'Ya'yansa za su zo su mayar da shi gida kafin Kirsimeti, kuma ba zai dawo ba.

"Ina so in sa layin a kan dutsen nan sau ɗaya, kafin wannan ma ya rufe."

Na ce ya ba ni kwana kaɗan. Ina da zare a gwangwani, ina da uwaye a taga. Ban ga abin da zai hana ba.

A watan ne autana ya yi aure, aka kawo amarya gidan. Rukayya sunanta, iyayenta Katsinawa ne masu shago a Karu, yarinya mai ladabi, mai zafin nama, tana sayar da atamfa ta waya. Ashe tun suna zance Auta yake ce mata, "Inna da yanar gizo ta rene mu." Ita kuma ta ɗauka irin tata ce. Har tana gaya wa ƙawayenta surukarta 'yar zamani ce.

Wata rana na tafi gaisuwar mutuwa Nyanya. Na dawo bayan la'asar, tun daga ƙofa na ji ƙamshin turaren wuta, a ƙarƙashinsa kuma da wani wari da na sani, warin maganin feshi. Ban cire mayafi ba na nufi ɗakin baya. Ƙofa a buɗe. Bango tas, rufi tas, an goge taga, an toshe fasasshen wurin da kwali. Lallen da zogalen an yi musu aski. A bakin rijiya kuwa ga gwangwanina a kife yana shan iska, ga wayoyina an wanke da sabulu an jera a kan tire suna ƙyalli.

Ta fito ta durƙusa, fuska cike da fara'a, tsintsiya na hannunta. "Sannu da dawowa, Inna. Na ga ɗakin ya yi yana da yawa, na ce bai kamata ina gidan nan a ce ɗakinki haka yake ba."

Me zan ce? Uwarta ta yi mata tarbiyya. Duk macen da aka haifa a ƙasar Hausa ta san yana a ɗaki abin kunya ne, kuma amaryar da ta share wa surukarta ɗaki ta yi abin a sa mata albarka. Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Na zauna a bakin rijiyar, na tashi, na shiga ɗakin, na fito, na sake shiga. Na sami uwa ɗaya a ƙasan taga ta dunƙule ƙafafu.

Auta ya dawo daga aiki ya ga tiren, ya dafe kai. "Rukayya! Yanar gizon Inna kika wanke?"

Ta ce, "Wace yanar gizo? Ni ban taɓa mata waya ba."

Ya ce, "Inna tana da waya ne mai shiga yanar gizo? Mai tocila ce fa!"

Ta dubi tiren, ta dubi tsintsiya, ta dube ni. Sai tsintsiyar ta faɗi.

Ba a zaman makoki a sana'a. Washegari na ɗauki kwalba na fita. Amma damina ta wuce, kuma irin uwayen nan ba sa jimre rani, suna yin ƙwai su mutu. Na bi bayan gidajen Jikwoyi inda dā ake noman masara, na tarar an yi bulo. Na bi rafin da muke wanki, na tarar da leda. Na je wajen masu sayar da furanni a bakin titi, wani ya ce, "Mama, mu kullum feshi muke yi, wa zai sayi fulawa da gizo-gizo?" Na shiga wata makaranta mai shinge, maigadi ya biyo ni yana tambaya ko jikana ne ya ɓata. In na dawo ba na iya zama. In ɗauki madubin Saje in goge, in ajiye, in leƙa taga, in dawo in sake gogewa. Shi kuma yana aiko ɗan acaɓa yana tambaya. Ran nan ya zo da kansa, na lura sai da ya shafa ƙofar kafin ya gane inda take. Wancan zuwan bai yi haka ba.

Ya ce, "Mama, yaya gicciye?"

Na ce, "Ana kai."

Ya ce, "Ido ba ya jira fa. Jiya na zuba shayi a ƙasa, ina gani kamar kofi yana wurin."

Rukayya tana bayan labule tana ji. Tun ranar sharar ba ta haɗa ido da ni ba, abinci ma sai ta ajiye ta gudu. Da ya tafi sai ta fito ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, yaya kamarta take?"

Na kwatanta mata. Ta yi ta latsa waya, ta juyo min da ita. "Wannan ce?" Ga uwa nan ɓaro-ɓaro, da ratsinta. Na ce ita ce, amma ta cikin gilashi ba ta zare. Ta ce in bari ta gwada. Ta tura hoton duk inda take tallan atamfa, ta ce duk wanda ya ga irin wannan da rai ya kira ta. Aka yi ta yi mata tsiya. Wata ta ce amarya, tun yanzu an fara neman haɗin asiri? Wani ya ce yadi nawa za a yanka masa. Tana karanta min tana share hawaye, wani wurin kuma dariya ta ƙwace mata.

Kirsimeti ya matso har an fara kunna waƙoƙinsa a shagunan bakin titi, sai wani mai ban ruwan lambu a bakin tafkin Jabi ya kira. Ya ce akwai guda a cikin ayabarsa, inda danshi bai ƙare ba, amma shi ba zai taɓa ta ba. Rukayya ta zari mayafi. Yarinyar da in ta ga kyankyaso sai ta hau kujera. Ta hau keke, ta hau bas, ta sake hawa wata, ta dawo da azahar da kwalba a ƙirji, ta huda murfin da allura kamar yadda na ce, gefen zanenta duk laka.

"Inna, a bas wata mata ta leƙa ta yi ihu, kwandasta ya ce in biya kuɗin mutum biyu."

Tsohuwar uwa ce, cikinta ya fara yamushewa. Na bar ta ta huta, Rukayya ta kama mata ƙuda. Da safe na ɗora ta a tsinke. Ta ƙi sauka. Na lallashe ta, na hura mata iska kaɗan, sai ta saki jiki. Ta ba ni abin da ya cika waya ɗaya, daga nan ta ƙi. Na ce ya isa.

Na rufe ƙofa. Na cire zoben, na wanke tsagar, na rataya kaki, na ba zaren tururi, na sauke shi. Na ɗiga fanish dama, na ɗiga hagu. Da ya bushe na mayar da komai, na leƙa. Tunda nake aikin nan ban taɓa shimfiɗa layi mai kyan wannan ba. Siriri, miƙaƙƙe, kamar ba hannu ne ya sa shi ba.

Saje ya zo ana jibi za su tafi. Muka fito ƙofar gida inda ake hango duwatsun wajen Karshi. Ya jingina da bango, ya cire murfin fatar, ya kafa madubin a idon dama. Ya daɗe. Ya juya shi, ya goge idon da bayan hannu, ya sake kafawa.

"Ina ganin dutse," in ji shi. "Ina ganin sanda. Mama, ba ki sa hannun ba tukuna?"

Na ce, "Yana nan. Juya wajen haske."

Ya juya. Sai ya sauke madubin, ya fara laluben murfin. "Ba laifinki ba ne. Na yi latti. Na gode, Allah ya biya."

Na karɓi madubin na leƙa. Layin yana nan, ba abin da ya same shi. Na ce ya ɗan jira ni a zaure. Na shiga gida na fito, na sake shiga. Zaren da ya rage a jikin wayar ko na ninka shi sau nawa ba zai kai yadda idon nan zai kama ba. Rukayya ta biyo ni ɗaki.

Ta ce, "Inna, shi fa ba titi zai auna ba. Ba a sa mai kauri?"

Malam ya sha gaya min akwai masu sa gashin mutum. Aikin ragwaye yake ce masa, don a cikin madubi gashi igiyar guga yake zama, ya rufe abin da ake son gani. Tunda na fara ban taɓa sawa ba, kuma na sha korar masu cewa in sa. Na tsaya ina kallon zoben. Sai na ga yarinyar nan ta kai hannu tana kwance ɗankwalinta.

Na ce, "Ke! Mayar. Matar aure ce ke. Gashin da ko a mataji ya maƙale sai kin binne, shi za ki ba namiji ya tafi da shi wani gari?"

Ta ce, "To na wa za a sa?"

Na zauna a kujerar tsakar gida, karo na farko a kwanakin nan da na zauna har na ji kujerar. Na zame kallabina. Na ce, "Ni wa zai yi wa asiri yanzu? Zo ki zaɓo mai tsawo. Ta ƙeya, can ne ba su karye ba."

Ta tsaya tana jin nauyi, don ba ta taɓa ganin kaina a buɗe ba. Na ce ta yi sauri, baƙo na waje. Ta sa yatsa ta tsinko guda, fara sol.

Na cire zaren da na fi alfahari da shi da bakin hantsaki, bai ko yi ƙara ba. Furfurar na tsoma ta a ruwan zafi, na rataya mata kaki mai nauyi har ta saki lanƙwasarta, na kwantar da ita a tsagar. Ba ta shiga ba ma, a kai ta hau. Na ɗiga fanish. Saje yana zaure, Rukayya ta kai masa kunu, ina jin su yana ba ta labarin akuyar da ta taɓa cinye masa takardar makaranta. Da ya bushe na leƙa. Fari a hannu, baƙi a madubi, kauri kamar muciya. Da Malam yana raye da ya juya min baya.

Muka sake fitowa. Rana ta yi sanyi, duwatsun sun fito sosai. Ya kafa madubin. Na ga kafaɗarsa ta tsaya cak. Sai ya fara juyawa a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, yana bin ƙarƙashin layin, leɓensa yana motsi kamar mai kiran dabba. Bai sauke ba har ɗan acaɓansa ya gaji ya kashe mashin.

Can ya ce, bai cire ido ba, "Mama, ga shi nan. Ya kwanta a kan dutse daidai. Kai! Wannan wane irin gizo ne mai ƙarfi haka?"

Na gyara kallabina. Na ce, "Tsohuwa ce, Saje. Ta kusa daina saƙa."